Fallen da Na Zare daga Littafin Malam Gafaru

Jama'a, kafin wani ya fara zagina a wajen sharhi, ku bari in faɗa da bakina. E, na zare fallen. Ni Latifatu, mai hana yara lanƙwasa kusurwar takarda, mai hararar duk wanda ya shigo laburare da ledar ƙosai, ni ce na sa hannu na cire falle guda daga littafin da ya girmi kakana. Ku zauna ku ji yadda aka yi, sannan kowa ya yanke mini hukuncin da ya ga dama.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, ina aiki a ƙaramin laburaren unguwa a Maamobi, wanda kowa ke kira Saman Kemis saboda a saman wani shagon magani yake. Mu biyu ne kacal, ni da shugabata Anti Mariatu. Tijani kuwa shi ne mai gyaran kwandishan da ya zo ya gyara namu sau ɗaya, ya kuma dawo sau huɗu duba lafiyarsa alhali ba abin da ya same shi. A zuwa na biyar Anti Mariatu ta sauke tabarau ta ce masa, “Ɗana, injin ya warke. In wani abu ne kake nema, ga shi can zaune bayan kwamfuta.” Wata goma sha huɗu ke nan. Ranar Asabar ɗin nan iyayensa za su kawo goro gidanmu a Nima.

Gidanmu tun makon jiya ya koma kamar ana jiran shugaban ƙasa. Mma, mahaifiyata, ta sa an yi wa falo fenti ruwan madara, ta sauke labulen da muka saba da su tun ina firamare ta rataya wasu masu ruwan zinare, kuma ta kafa dokar kada kowa ya jingina da bango. Ɗinkina ma ya iso, leshi ruwan hoda mai duwatsu a wuya da hannu, da mayafi mai shara-shara. Sau uku na gwada shi a ɓoye, sau ukun nan Mma na kama ni. Wanda zai karɓi goron shi ne Baba Iliasu, yayan mahaifina. Mahaifina ya rasu ina da shekara shida, kuma tun daga ranar Baba Iliasu ya ɗauke ni. A bayan babur ɗinsa na yi zuwa makaranta shekara tara, ina riƙe da jallabiyarsa. Shi ma ya kai farar shaddarsa guga tun Juma'a.

To ga inda aiki ya shigo cikin maganar aure. Aikina katalog ne. Kowane littafi yana da katinsa: sunansa, marubucinsa, yawan shafukansa, inda aka ajiye shi, da duk wani rubutu da mai shi ya bari a jiki. Yanzu a kwamfuta ake yi, amma har yau kati muke ce masa. Shekara biyu ke nan ƙananan laburare na Accra da Kumasi da Tamale suna fafutukar a buɗe waɗannan katuna a wuri ɗaya a intanet, kyauta, duk mai so ya duba ko ya kwafa. Dalilin a fili yake. Ɗalibi zai hau trotro, motar haya, daga unguwar Malam har jami'ar Legon neman littafin da yake nan Maamobi zaune ba mai taɓa shi. Ni kuma zan ɓata yini guda ina rubuta katin da wata a Tamale ta riga ta rubuta tun bara. Wasu manyan laburare sun ƙi, sun ce katunan guminsu ne, ba za su bari wani ya kwasa a banza ba.

Mu a Saman Kemis muna cikin na farko da suka buɗe. Asabar ɗin da ta wuce aka yi taro a wani zaure a Kanda don a jawo hankalin masu ƙi, kuma Anti Mariatu ta ce muryarta ta dushe, ni zan yi magana a madadinta. Ƙarya take yi, a trotro ta yi ta faɗa da kwandasta har muka sauka. Na hau dandamali da doguwar rigata ruwan zuma, da na ji an tafa sau ɗaya sai bakina ya buɗe. Na ce littafin da ba wanda ya san inda yake, da shi da wanda ya ɓace duk ɗaya ne. Na ce mu ba mu da abin ɓoyewa, kowa ya shigo ya duba. Tijani yana layin gaba ya ɗaga waya sama yana ɗauka, yana murmushi har kunne. Kafin yamma bidiyon ya zagaye duk wani gurup na danginsa da nawa.

Ranar Litinin da azahar ina cin waakye, shinkafa da wake, a bayan kanta, inda yara ba za su gan ni ba, saƙon Tijani ya shigo.

“Lati, kina ina?”

“Aiki mana. Kwandishan lafiyarsa lau, kar ka zo.”

“Chale, ba wasa ba ne. Asem aba. Magana ya taso.”

Na ajiye cokali. Tijani ba ya rubuta Twi sai abu ya ɓaci.

“Na nuna ma Baba bidiyon ki. Ya ji daɗi paa, ya ce matan nan da za ka auro akwai kai. Sai ya ce in buɗe mishi wurin, in sa sunan babanshi mu gani ko zai fito. Wasa muke yi, wallahi.”

Sai hoton fuskar waya ya biyo baya. Katina ne, lamba ɗari da arba'in da bakwai. Na gane shi nan take, domin yana cikin littattafan kakana, Malam Abdul-Mumin. Da ya rasu ya bar akwatunan ƙarfe huɗu cike da littattafai, gara ta fara shiga, bara na roƙi Baba Iliasu ya bayar da su laburare. Ya bayar da murnarsa, har hoto ya ɗauka a gaban kantar. Na ɗari da arba'in da bakwai waƙoƙin wa'azi ne da Hausar ajami, rubutun hannun wani malamin Salaga. Irin littattafan nan na da ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne, a jera su a tsakanin bangon fata a ɗaure da igiya. A fallen farko akwai layi biyu da wani hannu daban, kuma na kwafe su cikin kati harafi da harafi kamar yadda aka koya mini: “Wannan littafi mallakar Gafaru ne ɗan Tijani, ya gada wajen mahaifinsa. Allah ya jiƙan wanda ya rubuta, ya shiryi wanda ya ara.”

Na rubuta masa, “To sai me? Wane ne Gafaru?”

“Kakana ne, Lati.”

Na san me za ku ce. Ya za a yi mace ta yi wata goma sha huɗu da saurayi ba ta san sunan kakansa ba? To ku faɗa mini, a Zongo wa ke kiran babba da sunansa? Ni Malam na Tudu na san shi, haka kowa ke ce masa, haka jikokinsa ma suke faɗa. Nawa kakan ma sai da na shiga aji shida na san sunansa Abdul-Mumin, da Malam kawai na sani. “Ɗan Tijani” da ke rubuce a fallen kuwa, da na gani murmushi kawai na yi na wuce. Ka tsaya a kasuwar Nima ka ƙwala kiran Tijani, mutum goma za su waiwayo.

Duk da haka ban ga abin tashin hankali ba. Littafi ne ya ɓace aka gano, ai abin murna ne, har na fara tunanin yadda zan ba da labarin a taro na gaba. Sai da na koma gida da la'asar na tarar Mma zaune a kan turmi a tsakar gida, ta yi tagumi, albasar da take yankawa tana gefe. Mma 'yar Damagaram ce, in ranta ya ɓaci Hausarta takan koma can gida.

“Ke wace irin yarinya ce?” ta ce. “Duk littattafan da ke cikin akwatunan nan, sai wannan za ki ɗora a duniya?”

“Mma, duka na ɗora. Ɗari biyu da goma sha biyu.”

“Inna lillahi.”

A nan ta ba ni labarin da duk Nima ta sani ban da ni. Malam na Tudu da kakana abokai ne, tare suka yi karatu. Ya ara wa kakana littafin, bai daɗe ba ya rasu. Da aka zo rabon gado, ɗansa Alhaji Rauf, baban Tijani, ya zo karɓa. Kakana lokacin yana Makka. Baba Iliasu ya ce an mayar tun Malam na Tudu yana raye. Alhaji Rauf ya ce ba a mayar ba. Magana ta yi zafi a ƙofar masallaci bayan Juma'a, a gaban jama'a, har Baba Iliasu ya rantse da Allah cewa littafin ba ya gidanmu. Da kakana ya dawo shi ma ya ce a iya saninsa ya mayar. Shekara ashirin gidajen biyu ba su gaisa ba, sai a wata jana'iza dattawa suka haɗa hannunsu. Mma ta ce ranar da Tijani ya fara sallama a ƙofarmu, ita da Baba Iliasu sun yi hamdala, sun ce Allah ya kawo abin da zai rufe zancen gaba ɗaya.

“Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?”

“Ana faɗa wa yara irin wannan ne?” Ta ɗauki wuƙarta. “Je ki, yana jiranki.”

Baba Iliasu yana barandarsa a kan kujerar roba, rediyo a kashe, abin da ban taɓa gani ba. Na durƙusa na gaishe shi. Bai yi mini tsawa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi.

“Latifatu, zauna. Wannan abin na kwamfutan ki, ana iya gogewa?”

Na ce masa ko na goge namu, laburare goma sha ɗaya sun riga sun kwafa, haka tsarin yake. Amma ni da bakina da ba ya iya shiru, sai na ƙara da cewa in na gyara katin, gyaran zai bi su duka cikin kwana ɗaya. Ina faɗa na ji kamar in mari kaina.

“Yoo. To ki gyara.” Ya gyara zaman hularsa. “Rauf ya kira ni. Na ce mishi kuskure ne, yarinya ne, aiki ya yi mata yawa, ta ɗauko bayanin wani littafi na wani wuri ta haɗa da namu. Jibi da safe zan kawo shi da kaina, ki nuna mishi littafin, ki faɗa mishi haka.”

“Baba, in ya buɗe ai zai ga rubutun.”

Ya dube ni. “Falle ɗaya ne. Ba a ɗinke yake ba.”

Kaji suna ta tsattsagar ƙasa a gindin famfo.

“Ba ƙarya na yi ba ranan nan,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Na san Malam ba ya riƙe kayan mutane. Da ya dawo ya ce mini ya mayar, kuma na yarda har yau bai sani ba yana cikin akwatin. Tsufa ne, littafi ya shige cikin littafi. Amma mutanen Nima ba za su ce tsufa ba. Za su ce Malam ya danne kayan marayu, ɗanshi kuma ya rantse a kan ƙarya a ƙofan masallaci. Ni na tsufa, a faɗa mini komai. Amma babana yana kabari, ba zai iya tashi ya kare kanshi ba. Sauran rubutun ciki ba hannun Gafaru ba ne, irin littafin nan suna da yawa, Rauf kuma direba ne, ba malami ba. Ba wanda zai cutu. Asabar ya zo, a karɓi goro, shi ke nan.”

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce, “To, Baba.” Ku da kuka tashi a gaban manya kun san irin wannan to ɗin.

Talata na yi ta kamar mara lafiya. Na sa wa littafin lissafi lambar littafin girki. Anti Mariatu ta ce, “Amarya, tun yanzu hankali ya tafi? In aka ɗaura sai mu rufe laburaren ke nan.” Na yi dariyar dole. Na so in faɗa mata, amma na san amsarta tun kafin in buɗe baki, kuma ba ita nake son ji ba. Sai ga waya daga wani babban laburare cikin masu ƙi, wai sun ga bidiyona, suna so in zo in yi wa ma'aikatansu bayani a wata mai zuwa. Anti Mariatu ta yi guɗa har mai kemis ya leƙo daga ƙasa. Ni kuwa na koma bayan kwamfuta.

Da rana Tijani ya turo saƙon murya, ana jin ƙarar injin a bayansa.

“Lati, Baba Iliasu ya ce kuskure ne. In kuskure ne ba komai koraa, kowa yana yi. Ni littafi bai dame ni ba, ke na sani. Kawai dai tsohon ne. Ya sa na buga mishi katin a takarda, ya sa a aljihu, yana fitowa da shi yana dubawa. Tun jiya koko kaɗai ya sha. Ki yi abin da zai sa Asabar ya zo lafiya, abeg. Na riga na karɓo kaftanina, in kin gan ni za ki suma.”

Na saurara sau huɗu. Na tura masa hoton zuciya guda ɗaya. Ina son yaron nan, jama'a. Ina son yadda yake cire takalmi a ƙofar laburare ko da an ce masa ba sai ya cire ba. Ba na so in rasa shi a kan layi biyu da wani ya rubuta tun kafin a haifi Mma.

Laraba na riga Anti Mariatu zuwa, na san tana da taro a Kanda har azahar. Na sa baƙar abaya mara ado, ko hoda ban shafa ba. Na sauko da ɗari da arba'in da bakwai, na kwance igiyar, na buɗe bangon fatar. Fallen yana sama, ya yi ruwan ƙasa, gefensa ya ɗan cinye. Ko ja ban yi ba, ɗagawa kawai na yi ya biyo hannuna. Na sa shi a farar ambulan, na tura cikin jakata tsakanin caja da sallaya, na ɗaure littafin na mayar. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Na buɗe katin a kwamfuta, na goge layukan biyu, amma ban danna maɓallin ajiyewa ba. Na ce bari sai sun tafi.

Ƙarfe goma sha ɗaya na ji takunsu a matakala. Baba Iliasu a gaba da jallabiya ruwan toka, Alhaji Rauf a baya yana hawa a hankali yana dafa bango. Dogo ne kamar ɗansa, ya shafe shekara arba'in yana tuƙa manyan motoci daga Tudu zuwa Aflao, bayansa ya ɗan ranƙwafa. Na durƙusa har ƙasa.

“Tashi, tashi, 'yata,” ya ce. “Ei, nan ne wurin? Sanyi paa. Aikin yaron nan ne?”

“Shi ne, Alhaji.”

“Ashe yana aiki. Na ɗauka zance kawai yake zuwa.”

Suka yi dariya su biyu, ta Baba Iliasu ta fi ƙarfi. Na kawo musu kujeru da ruwa, na ɗora littafin a kan tebur a gaban Alhaji. Baba Iliasu ya ce, “Ga shi nan, Rauf, duba da idonka. Yaran yanzu da kwamfuta, sai haƙuri.”

Alhaji ya goge hannuwansa a jikin rigarsa kafin ya taɓa. Ya kwance igiyar, ya buɗe, ya kalli fallen da ke sama. Ya ɗaga shi ya duba bayansa. Ya ɗaga na biyu, na uku. Ba karantawa yake yi ba, nema yake yi. Ya juya littafin ya duba na ƙarshe. Sai ya zura hannu a aljihu ya fito da takardar da Tijani ya buga masa, ta yi laushi don yawan ninkewa, ya shimfiɗa ta kusa da littafin.

“Ya shiryi wanda ya ara,” ya karanta, ya yi ɗan murmushi. “Haka yake rubutawa a komai nashi. Har a jikin buta ya taɓa rubutawa.” Ya cire tabarau ya riƙe. “Iliasu, ka san ruwan da ya shiga gidanmu shekarun baya ya cinye akwatinshi duka. Ko layi ɗaya na hannunshi ba ni da shi. Hoto ma babu, bai yarda da hoto ba. Da na ga wannan na ce ko Allah ya bar mini wani abu.”

“Allah ya jiƙanshi,” in ji Baba Iliasu, yana kallon fanka.

Alhaji ya juyo gare ni. “'Yata, ba komai. In a wani wuri kika gani, ki faɗa mini wane wuri ne. Ko Tamale ne zan hau mota gobe. Ba karɓa zan yi ba, gani kawai zan yi.”

Wannan ne ba mu shirya masa ba, ni da Baba Iliasu. Mun shirya wa fushi, mun shirya wa gardama. Ba mu shirya wa tsoho ya ce zai hau mota zuwa Tamale ba. Da na ce masa Tamale, wallahi zai tafi. Zai yi awa goma sha biyu a hanya da wannan bayan nasa, ya je ya tsaya a gaban wata baiwar Allah yana neman abin da ke cikin jakata, kusa da ƙafarsa. Kuma ranar Asabar zan durƙusa a gabansa da leshi ruwan hoda ya sa mini albarka.

Na kalli Baba Iliasu. Bai harare ni ba. Roƙona yake yi da ido, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba.

Na sunkuya na ɗauko jakar. Ina buɗe ta caja ta faɗo ƙasa. Na fito da ambulan, na zaro fallen, na ɗora shi a saman littafin inda yake tun asali.

“Ban yi kuskure ba, Alhaji,” na ce. “A nan yake. Ni na cire shi da safen nan. Ka yafe mini.”

Ban ce an sa ni ba, kuma ba wanda ya tambaya. Alhaji ya mayar da tabaransa. Ya daɗe yana kallon layukan nan biyu, sannan ya ɗora yatsa ɗaya a kan sunan, bai shafa ba, ya dai ajiye shi a wurin. Kafaɗunsa suka fara girgiza. “Baba,” ya ce a hankali. Mutum mai shekara sittin da biyar, da jikoki bakwai. Ni ma hawaye suka zubo mini, na rasa inda zan sa fuskata.

Kujerar Baba Iliasu ta yi ƙara. Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ɗauki makullin babur ɗinsa daga kan tebur.

“Iliasu, zauna,” in ji Alhaji, bai ɗago ba. “Ba faɗa na zo yi ba. Abin da ya wuce ya wuce. Asabar muna nan zuwa.”

“Ku zo,” in ji Baba Iliasu. “Gida a buɗe yake.”

Ya nufi ƙofa. Na bi shi da sauri har bakin matakala, na riƙo gefen jallabiyarsa. “Baba, don Allah ka tsaya ka ji.”

Ya tsaya, amma bai juyo ba. Ya sa hannu a hankali ya cire yatsuna daga rigarsa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da fushi ba.

“Kin yi gaskiya, Latifatu,” ya ce. “Sai ki nemi wanda zai karɓi goronki.”

Na tsaya a saman matakala ina jin takunsa har ƙasa, sannan na ji babur ya tashi. Yau Alhamis. Da safe mai guga ya kawo farar shaddar Baba Iliasu, Baba ya ce a mayar, ba ya bukata.